Minsharin da Bai Yanke Ba

Sufeto Armaya'u ba don gawa ya zo Batsari ba. Rangadi ya fito daga Katsina, don ya duba 'yan dokan da ke tsaron kasuwa, ya ga wanda kakinsa ya koɗe da wanda ya fara ajiye tumbi, ya yi faɗan da zai yi ya koma. A lokacin Turawa na nan, kuma Di'o, Baturen da ke kula da ƙasar, mutum ne mai son a kai masa rahoto ko da babu abin faɗa.

Da safiyar Alhamis yana zaune a barikin baƙi, an ajiye masa koko da ƙosai bai ko sa hannu ba, sai Kofur Yero ya shigo yana haki ya ƙame. Ya ce an kashe Yusha'u, Sarkin Fawan Safana, a masaukinsa. Ya ƙara da cewa aikin ba shi da wuya, don wanda ya yi kisan yana zaune a ƙofar gidan, bai gudu ba kuma bai musa ba.

Armaya'u ya daɗe a aikin nan, kuma ƙarar da ta zo masa da sauƙi haka ita ta fi sa shi ciwon kai. Ya ɗauki sandarsa suka fita.

Gidan na wani tsohon dillalin shanu ne, Malam Jinjiri, wanda gemunsa ya yi fari fat amma sunan yarinta ya ƙi sakinsa. Shekara da shekaru nan Sarkin Fawa yake sauka duk daren kasuwa, shi da yaransa biyu, Mani da Labaran. Yaran ma dai a baki ne, don kowannensu magidanci ne da iyali. Su biyun a zaure suke kwana. Sarkin Fawa kuma yana kwana a ɗakin baƙi da ke bayan zauren, wanda bango ɗaya ya raba shi da turakar maigidan.

A ɗakin nan gawar take, rigingine a kan tabarma. Mutum ne mai jiki, mai gajeren wuya, kuma suka ɗaya aka yi masa a wuyan. Jinin ya malala ya daskare har ya yi baƙi. Armaya'u ya durƙusa ya kama hannun mamacin zai ɗaga, hannun ya ƙi. Ya sandare tamkar icce, ga shi ko hantsi bai gama yi ba.

Ya fito ya sami wanda ake zargi zaune a dakalin ƙofar gida. Dogo ne siriri, hannayensa duk busasshen jini, ya ɗora su a gwiwa yana kallonsu kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Kai ne Mani?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai ka kashe ubangidanka?"

"Haka ya tabbata."

"Ban tambaye ka abin da ya tabbata ba. Ka tuna ka kashe shi?"

Mani ya girgiza kai. "Ban taɓa tuna abin da na yi cikin barci ba. Amma ga hannuna, ga wuƙata. Shi ya rene ni, ranka ya daɗe. A yi mini abin da ya dace da ni."

Sauran bayanin a bakin mutanen da suka taru Armaya'u ya ji shi, don babu mahaucin da bai san larurar Mani ba. Tun yana ƙarami yake tashi cikin barci, ido buɗe, ya kama tafiya. Ka yi masa magana ba ya ji, in ka riƙe hannunsa ya biyo ka. An taɓa tsintarsa a bakin rijiya, an taɓa tsintarsa a tsakiyar garke. Wannan ya sa duk inda dare ya yi musu a kan tafiya, sai ya ɗaura igiya a ƙafarsa, Labaran ya ɗaura ɗaya bakin a hannu. In Mani ya miƙe, igiya ta ja, Labaran ya farka ya maido shi. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, gida ɗaya suka tashi, kuma tun daga nan ba a kiran sunan ɗaya ba a haɗa da ɗayan ba.

Labaran yana cikin zaure, ya haɗa kai da gwiwa. Kakkaura ne, idanunsa jajur, muryarsa ta dishe har sai da Armaya'u ya matso kafin ya ji shi. Ya ce kuka ne ya cinye masa murya.

Ya ce shi da Sarkin Fawa sun iso da yamma. Mani ya tsaya baya da wani bijimi da suka saya a ruga kusa da Runka, wanda ya yi ta gardama a hanya, bai iso ba sai da gari ya yi tsit. Suka ɗaura igiya yadda suka saba suka kwanta. Gab da asuba ya farka ya ji igiyar sakwaf a hannunsa, an kwance ta daga can bakin. Yana ɗaga kai sai ga Mani ya shigo daga cikin gida da wuƙa, ya koma tabarmarsa ya kwanta. Da ya tashe shi, Mani ya ce mafarki yake yi yana yanka ragon layya.

"Ranka ya daɗe," in ji Labaran, ya kama ƙafar wandon Sufeto, "ka sa baki a yi masa sassauci. Wallahi ba da saninsa ba ne. Laifina ne da barci ya yi mini nauyi."

Armaya'u ba mai saurin tausayi ba ne, amma wannan ya taɓa shi. Ya dafa kafaɗar Labaran ya ba shi haƙuri, a ransa yana cewa duk wanda Allah ya ba amini irin wannan ya gode.

Kafin a gama wanke gawa, Hakimi ya aiko cewa a sa mai laifi a motar kasuwa a kai shi Katsina. Armaya'u ya san abin da ke jiran Mani can. Ga wuƙa, ga mai shaida, ga mutum ya amsa da bakinsa. Wuyansa zai tafi, don maganar barci kowane mai kisa zai iya kawo ta. Ya je da kansa ya faɗi gaban Hakimi ya roƙi a ba shi zuwa gobe. Aka ba shi, ba da son rai ba.

Daga nan ya wuce ɗakin shan magani, wurin Malam Hashimu disfensa. Hashimu ya yi shekaru yana yawo da ma'aikatan ciwon barci a kudancin Zariya, suna taɓa wuyan mutane suna neman kaluluwa, kuma tun daga nan maganar barci ta zama masa abin hira. Wanda ya tambaye shi kaɗan sai ya sami da yawa.

Ya ce abin da ke damun Mani ba ciwon barcin nan na cizon ƙudan tsando ba ne, ba kuma iskoki ba ne yadda tsofaffi ke faɗa. Barci hawa-hawa ne. Mutum yana kwanciya ba da jimawa ba yake nutsewa cikin mai nauyi, kuma a nan ne abin yake faruwa, jiki ya tashi hankali yana kwance. Gajiya da rashin barci suna ƙara shi. Wanda ya wuni yana kokawa da bijimi ya kwanta a makare, ba abin mamaki ba ne ya tashi kafin asuba.

"Zai iya kisa a haka?" in ji Armaya'u.

"Ba zan rantse cewa ba zai yiwu ba."

"To ka ƙara masa nauyi ke nan."

"Ni na ƙara masa, amma gawar ta rage masa. Na taɓa ta. Wanda aka kashe da asuba ba ya sandarewa haka da hantsi. Mutumin nan tun farkon dare ya cika."

Farkon dare kuwa Mani yana can kan hanya yana jan bijimi. Armaya'u ya fito da ɗan sauƙi a zuciya, amma bai je ko'ina da shi ba, don Malam Jinjiri ya rushe masa shi da kalma ɗaya.

Tsohon yana zaune a tsakar gida bayan an dawo daga maƙabarta, carbi a hannu amma ba ja yake ba. Ya ce disfensa ya faɗi abin da ya ga dama, shi dai da kunnensa ya ji Sarkin Fawa yana minshari. Ya dawo daga hirar ƙofar masallaci bayan lisha ya tarar har ya fara. Yana kwance ya ji isowar Mani, ya ji shi yana ɗaure bijimi a turke, kuma har lokacin minsharin na tashi ta bango.

"Baba, ka tabbata nasa ne?"

"Wa za ya faɗa mini minsharin Yusha'u? Ai shi ya hana ni barcin daren kasuwa tun gemuna na baƙi."

Sai ya shiga ba da labari, yana yi yana share hawaye. Minsharin Sarkin Fawa ba irin na mutane ba ne. Zai ja, ya ja, sai numfashin ya ɗauke ɗif kamar rai ya fita. Ka yi ta jira, ka yi ta jira, sannan ya fizgo shi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Haka zai yi ta yi har gari ya waye, ya tashi da ciwon kai, da rana kuma ya yi ta gyangyaɗi a rumfa da wuƙa a hannu. Jinjiri tsoro yake ji kada wata rana abokinsa ya tafi a gidansa. Saboda haka suka yi wata al'ada tsakaninsu. Duk lokacin da numfashin ya ɗauke, sai ya bugi bango ya ce, Sarki, juya. Shi kuma ya amsa cikin magagi, na ji, Jinjiri. In bai amsa ba, sai tsohon ya taso da fitila.

"Jiya sau nawa ka bugi bangon?"

"Ko sau ɗaya. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Jiya minsharin nan sumul yake tafiya, babu yankewa, babu fizga. Na ce alhamdu lillahi, rubutun da yake sha ya karɓe shi. Har ni ma barci ya kwashe ni, irin wanda na daɗe ban yi ba. Ashe barcin bankwana ne yake yi."

Armaya'u ya koma ɗakin baƙi shi kaɗai, ya tura ƙyaure ya duba bayansa. A gindin bangon da ya haɗa ɗakin da turakar Jinjiri, ƙasa ta yi sumul kamar inda mutum ya daɗe a zaune. Gefe kuma ga tukar goro an tofar wuri guda, ta mutumin da ya ci goro ya sake ci. Ya tattara ta a ƙyalle ya sa a aljihu.

Da la'asar ya shiga motar kasuwa mai komawa ta Safana. Damina ce, hanya duk caɓi, sai da fasinjoji suka sauka suka tura a mashigin wani rafi. Ya isa da sauran haske, aka kai shi gidan mamacin, inda mata suka cika tsakar gida. Inno, matar Sarkin Fawa, ta yarda ta yi magana da shi ta bayan asabari. Suka daɗe suna gaisuwa da ta'aziyya kafin ya shiga abin da ya kawo shi.

Ya tambaye ta ko maigidan ya sami sauƙin numfashinsa a 'yan kwanakin nan. Ta ce sauƙi daga ina. An yi rubutu, an yi turare, an yi saiwa, har matashi aka ƙara masa don ya kwanta da tudu, duk a banza. Daren da zai tafi ma sai da ta tashe shi ta sake tashinsa. Tun da aka kawo ta gidan bai taɓa yin minshari ya kai ƙarshensa lafiya ba.

Ya tambaye ta goro. Ta ce maigidan tun da turamen haƙoransa suka zube ya bar shi. Mani kuwa ba ya taɓawa, don an ce yana ƙara masa rikicin barci.

"Labaran fa, Inna?"

"Labaran bakinsa bai rabuwa da goro. Mi ya kawo wagga tambaya?"

Sai ya juya maganar kan Mani. Inno ta ce ita ta rene su duka biyun, kuma kafin Labaran ya karɓi igiyar nan a hannunta take kwana. Mani bai taɓa kwance ƙulli cikin barci ba. Ja yake yi har ya faɗi, don bai ma san da igiyar ba. Batun mafarki kuwa, ta ce sau tari takan tambaye shi da safe abin da ya gani, ya yi ta kallonta kamar ta yi masa Turanci. Bai taɓa tashi daga tafiyar nan da mafarki a baki ba.

Saura tambaya ɗaya, kuma Armaya'u ya ji nauyin yin ta. Ya ce ko akwai wani abu tsakanin Sarkin Fawa da Labaran.

Asabarin ya motsa, sannan ya ji tana kuka a hankali. Ta ce maganar gida ce, ba ta so ta fita. Wata saniya ta mutu wa Labaran a hanya kafin a sa mata wuƙa. Maimakon ya bar wa ungulu, sai ya feɗe ta ya kai wani ƙauye wajen Ruma ya sayar wa Musulmi mushe. Labari ya zo kunnen Sarkin Fawa. Ya rantse ranar kasuwar Batsari, a gaban mahautan ƙasar duka, zai karɓe wuƙar Labaran. Mahaucin da aka karɓe wa wuƙa a bainar jama'a kuwa ya gama fawa, babu garin da zai sake kasa nama a saya.

"Wa ya san da wannan?"

"Ni, da shi Labaran, da Mani. Mani har ƙasa ya durƙusa yana ba Baban nasu haƙuri. Ya ce a karɓi tasa wuƙar a bar ta ɗan'uwansa."

A Safana Armaya'u ya kwana, in ana kiran wannan kwana. Haushin kansa yake ji. Hannun nan nasa da ya dafa kafaɗar Labaran ya ba shi haƙuri, ji yake kamar ya wanke shi da toka. Gari na wayewa ya ari doki a gidan Hakimin Safana ya kama hanya.

Ya tarar da Mani a ɗakin da 'yan doka ke tsare masu laifi, ko furar da aka kai masa bai taɓa ba. Armaya'u ya zauna a bakin ƙofa ya ce ya ba shi labarin isowarsa daren Laraba, tun daga turke.

Mani ya ce ya ɗaure bijimi ya tura ƙyauren zaure ya shiga. Duhu ne, ya laluba ya ji tabarmar Labaran babu kowa, ya ɗauka ya zagaya bayan gida. Ya ɗaura igiya a ƙafarsa ya kishingiɗa yana jiransa, yana yaƙi da barci.

"Kana jin minsharin Baba?"

"Ina ji."

"Sai me?"

"Can sai ya ɗauke, yadda ya saba. Jim kaɗan Labaran ya shigo ta ƙofar cikin gida. Na miƙa masa bakin igiya ya ɗaura."

"Bayan Labaran ya shigo, ka sake jin minsharin?"

Mani ya daɗe yana kallon ƙasa, kuma Armaya'u yana ganin lokacin da abin ya fara shigarsa, don jijiyar wuyansa ta tashi.

"Barci ne ya kwashe ni," in ji shi da ƙyar. "Ranka ya daɗe, kada ka ɗora masa. Na riga na amsa. Ka bar shi haka."

"Ba ni da ikon barinsa haka, Mani."

Ya sa Kofur Yero ya tara su a zauren Malam Jinjiri. Tsohon ya zauna a buzunsa, Mani a jikin bango, Labaran kusa da ƙofa, Yero kuma ya tsaya a bakinta kamar iska yake sha. Armaya'u ya tambayi Labaran yaya murya. Ya ce da sauƙi. Sai Sufeto ya ciro ƙyallen nan ya kwance ya ajiye a gabansa.

Ya yi bayanin a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Gawa ta nuna tun farkon dare aka yi kisan, lokacin Mani yana hanya. Mutumin da ya mutu ba ya minshari, saboda haka wani ne ya zauna a gindin bango yana yi masa. Wanda ya zauna ɗin mai cin goro ne, yana ci don kada barcin gaske ya sace shi. Kuma ya san minsharin Sarkin Fawa sarai, ya san yana yankewa, amma bai isa ya yanke ba. In ya yanke, Malam Jinjiri zai bugi bango ya yi kira. Minshari ana iya kwaikwayonsa, amma muryar da za ta ce na ji, ba shi da ita. Dole ya yi ta ja babu hutu har ya tabbata tsohon ya yi barci, kuma wanda ya kwana yana wannan aikin dole ya wayi gari da disasshiyar murya.

Malam Jinjiri ya saki carbinsa. "Ashe kai nika yi wa hamdala," in ji shi. "Abokina na kwance cikin jini, ni ina nan ina gode wa Allah da ya samu sauƙi."

Labaran ya ce sharri ne. Ya ce goro kowa na ci, murya kuma kuka ne, kuma shi da idonsa ya ga Mani da wuƙa. Ya rantse, ya sake rantsewa, yana duban kowa ban da mutum ɗaya.

Mutumin nan ɗaya, Mani, shi ya yi magana, kuma a hankali ya yi ta.

"Labaran, mafarkin ragon nan. Tun jiya nake nemansa a kaina ban same shi ba. Na ce tunda kai ka faɗa, haka ne. Dube ni ka gaya mini. Ni na faɗa maka shi?"

Labaran ya ɗago kai, idonsu ya haɗu, sai rantsuwar ta ƙare masa. Ya sunkuya ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya fara magana, sai da Yero ya matso don ya ji.

Ya ce ba da niyyar kisa ya shiga ɗakin ba. Bayan lisha, da ya ga Malam Jinjiri ya fita hira, ya je ya durƙusa ya roƙi a rufa masa asiri. Sarkin Fawa ya ce magana ta ƙare, ya kuma ƙara da cewa da Mani ne ko yunwa za ta kashe shi ba zai ciyar da mutane mushe ba. Wannan kalmar ce ta rufe masa ido, don tun suna yara yake jin irinta. Kafin ya san abin da yake ciki wuƙa ta shiga. Yana tsaye a kan gawar ya ji takun Malam Jinjiri, sai ya zauna ya fara minshari, da ya fara kuma ba halin dainawa. Da gidan ya yi tsit ya fito da niyyar gudu, sai ya tarar da Mani a zaure yana miƙo masa igiya.

"A nan dabarar ta zo mini," in ji shi. "Na jira ya nutse, na kwance shi, na ɗauki wuƙarsa na kai na shafo jini, na shafa masa a hannu. Na ce ai kowa ya san larurarsa, alƙali zai sassauta."

"Ka tabbata zai sassauta?" in ji Armaya'u.

Labaran ya kau da kai.

"Ba ka tabbata ba. Ka dai ga wuyansa ya fi naka araha."

Yero ya sa masa ankwa. Motar Katsina tana tsaye a bakin kasuwa, kuma kafin su fito labari ya riga su, mahauta sun yi cirko-cirko a hanya. A bakin zaure Labaran ya tirje ya waiwayo ya kira sunan Mani. Mani ya zabura zai tashi, yadda ya saba tashi duk lokacin da muryar nan ta kira shi. Ya kai rabi, sai ya koma ya zauna ya juya fuskarsa ga bango. Yero ya ja mai laifi suka wuce.

Armaya'u ya jira har ƙarar motar ta ɓace, sannan ya ce wa Mani an wanke shi, yana iya komawa gida wurin iyalinsa, kuma ya gode wa Allah da ya tsamo shi. Mani bai motsa ba.

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji shi, har yanzu fuskarsa na bango. "Amma jiya da na ɗauka ni na kashe Baba, uba kaɗai na rasa. Da ka bar ni a haka, da na mutu ina da ɗan'uwa."

Sufeto Armaya'u ya zauna kusa da shi a kan tabarma har aka kira sallar Juma'a.